Sunan da Tabawa Ba Ta Kira

To, ku gyara zama. Yau ba labarin dariya na kawo muku ba, shari'a ce, kuma ku ne alƙalai. Ni dai ta gagare ni, shekara shida ke nan ina juya ta a raina.

Kun san na yi shekara talatin da ɗaya a wani birnin Turawa da ke bakin teku, ina aikin daskarar da kifi. Sunan birnin ku bar shi a wurina, don mutanen da zan ba ku labarinsu suna nan da ransu, in ban da mutum biyu. Mu Hausawan da ke can ba mu kai gida ashirin ba, kowa ya san abin da aka dafa a gidan kowa.

A cikinmu akwai Malam Jatau, kuku a jirgin ruwa. Da ya samu wurin zama sai ya aika aka kawo masa matarsa Tabawa, da 'yarsu Hansatu mai shekara goma sha ɗaya, da Mudi mai shekara biyar. Autarsu Asabe a can aka haife ta. Amma akwai ɗa guda da bai zo ba, shi ne Zubairu, ɗan fari. Tun da aka yaye shi kakarsa Iya ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi, kuma da tafiya ta taso tsohuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta ba da shi. Da Jatau ya zo cika takardu aka tambaye shi 'ya'yansa nawa, sai ya rubuta waɗanda ke tare da shi. Ba don ƙarya ya yi ba. Ɗan fari na kakanni ne, mutum ba ya tsayawa gaban baƙo yana lissafa shi.

Ku yaran yanzu sai na yi muku bayani, tunda na ga matanku har goya 'ya'yan fari suke yi suna yi musu kirari a gaban surukai. A ƙauyen su Tabawa, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta nuna ta san da shi a gaban mutane. In ya faɗi, ba ita ke ɗaga shi ba. In an yabe shi, sai ta tashi ta bar wurin. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma kowa a garin ya san wadda ta fi kunyar ita ta fi son. Tabawa ta shekara arba'in da huɗu a kan haka. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "yaron Iya".

Yaran nan uku ɗaki ɗaya suka tashi, kwano ɗaya suka ci, amma kai ka ce ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Hansatu ta ƙi ƙasar tun ranar da ta sauka. Harshen Turawan ba ta riƙe komai a ciki ba sai na sayen albasa da tambayar mota. Ta auri ɗan garinmu, tana tuwo, tana daddawa a kan baranda har maƙwabta suka kai ƙara saboda wari. Ofishinsu kuwa ba ta taka shi, ko takarda ce sai dai mijinta ya je. Ta kan ce, "Aiki ya kawo mu ƙasar nan, ba neman iyaye ba." Mace ce mai taurin kai, amma duk wanda ya rasu a cikinmu ita ke dafa abincin zaman makoki.

Asabe kuwa ta shige cikinsu har ba a ganin ɗinki. Tun tana makaranta ta mai da sunanta Sabina. Ta karanta shari'a, ta zama lauya a ma'aikatar birnin, ta auri ɗan ƙasar, 'ya'yanta biyu ko "sannu" ba su iya ba. Hausarta gaisuwa ce da sunayen abinci. A ganinta wanda ya zo ƙasar mutane ko dai ya zama su, ko ya tattara ya koma, zama da ƙafa ɗaya a waje shi ke sa a raina mu. Na sha jin haushinta, ba na ɓoyewa, amma ban taɓa kama ta da ƙarya a wannan magana ba.

Mudi shi ne na tsakiya, kuma tsakiyar ta zame masa sana'a. Tafinta ne mai rantsuwa, shi kaɗai ne na Hausa a birnin, asibiti da kotu duk shi ake kira. Yana lissafi da harshensu, yana addu'a da fushi da Hausa. Ya taɓa ce mini, "Baba, kaina ɗaki biyu ne da fitila ɗaya. In na kai ta ɗaya, ɗayan sai ya yi duhu." Na yi dariya a lokacin, don ban san ranar da maganar za ta ci mutum ba.

Bayan rasuwar Jatau da shekara uku, masifa ta sauka a ƙauyensu. 'Yan bindiga sun addabi yankin, Zubairu kuwa ya tashi a gaban dagaci ya faɗi sunayen masu kai musu rahoto. Suka zo da rana tsaka yana gona, suka kashe matarsa da 'ya'yansa uku, suka bar saƙo cewa duk inda ya shiga sai sun yanka shi. Ya bi hamada, ya bi teku a kwale-kwalen roba, bayan wata goma sha huɗu ya iso ƙasar da uwarsa take. Aka tsare shi a sansanin baƙi. Ya ce musu yana da uwa a nan. Aka duba takardun Jatau, babu sunansa. Aka ce to a kawo uwar, in ta shaida shi ya zauna, in ba ta shaida ba ya koma inda ya fito.

Yanzu ku lura, don kowa a cikin ukun yana da hannu a abin da ya faru. Hansatu aka ce ta raka Innarsu, ta ce ita ba ta shiga ofishin mutanen nan. Asabe ta zaunar da uwar ta koya mata, "Inna, abin da aka tambaya kawai. Kar ki ƙara komai." Mudi kuwa, da yake babu wani tafinta, shi aka kira, aka sa ya sake rantsuwa cewa ba zai ƙara ko kalma ɗaya ba, in ya ƙara an soke shaidar.

Aka shigo da Zubairu. Yana ganin uwarsa ya durƙusa can nesa, ya sunkuyar da kai. Ita kuma ta ja mayafi ta juya fuska ga bango. Shekara talatin rabonsu da juna.

Ma'aikaciyar da ke ɗaukar shaida ta tambayi Tabawa, "'Ya'yanki nawa?"

Tabawa ta ce, "Uku." Ta faɗi sunayensu.

"Wannan mutumin kin san shi?"

"Yaron Iya ne."

"Ke kika haife shi?"

Tabawa ta ci gaba da kallon bango.

"Faɗi sunansa."

Tabawa ta ƙara jan mayafi ta ce, "Ba ni da ta cewa."

Mudi ya juya kowace kalma yadda take, ya sa hannu a takarda, ya fita. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa a ɗakin nan da harshensu yake tunani, kuma a cikin wannan harshe bai ga komai ba sai tsohuwa mai amsa tambaya. Sai da ya hau motar komawa gida, ya ji zuciyarsa ta ce masa da Hausa, "Kai, ɗan fari ne fa," sannan ya gane abin da ya aikata. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne Zubairu. Ya koma sansani yana murna, yana gaya wa 'yan ɗakinsu cewa magana ta ƙare, uwarsa ta yi masa kunyar ɗan fari a gaban hukuma, wace shaida ce ta wuce wannan.

Kwana huɗu takarda ta fito. An rubuta cewa matar ta ƙi shaida shi, ta ƙi ko kallonsa, don haka maƙaryaci ne. Nan da kwana goma sha huɗu za a sa shi a jirgi a mai da shi gida, kuma kun san abin da ke jiran sa a gidan.

Asabe ce ta fara tashi. Ita kaɗai ta san cewa a ƙasar nan kuka ba ya tsai da jirgi, sa hannun alƙali ne ke tsai da shi. Ta bi ofis-ofis, ana rufe mata ƙofa tana buɗe wata, har ta tono wata tsohuwar doka da ta ba ɗan'uwa na jini damar neman a dakata. Amma sai ta rantse cewa Zubairu yayanta ne. Ita kuwa lokacin da za ta kama aiki an ba ta takarda ta lissafa 'yan'uwanta, ta rubuta biyu, alhali ta san da na uku, don ba ta son a yi ta tambayarta ƙauye. Rantsuwar nan tona wa kanta asiri ce, kuma ta sani sarai. Ta rantse, ta sa hannu da sunan da aka raɗa mata, Asabe Jatau. Da safiyar kwana na goma sha huɗu ta samu sa hannun alƙali, a lokacin an riga an fitar da Zubairu da ankwa. A gindin matakalar jirgi aka juyo da shi. A makon nan aka dakatar da ita daga aiki, mijinta kuma, wanda bai taɓa jin tana da wani wa ba, ya kwashe yara ya koma gidan uwarsa. Da ba don ita ba, da babu sauran wanda za a yi shari'a a kansa.

Sai dai dakatarwa ba kuɓuta ba ce. Alƙalin, wani dattijo mai gilashi, ya buɗe takarda ya ce shaida a fili take, tafinta mai rantsuwa ya sa hannu, shi bai ga dalilin sake kiran tsohuwa ba. Nan Mudi ya miƙe. Ya ce, "Mai shari'a, ni na yi fassarar. Ban yar da kalma ko ɗaya ba, amma na yaudare ku." Mudi ya san Turawan nan ciki da bai. Ya san in ya ce "al'adarmu ce" an gama da shi, don sun ji wannan har sun gaji. Sai ya tambayi alƙalin, "Kana kiran mahaifiyarka da sunanta?" Alƙali ya ce a'a. "Rashin so ne ya hana ka?" Daga nan Mudi ya ɗauko shi, a hankali, da misalan gidajensu da irin hujjar da kunnensu ke karɓa, ya yi kusan awa biyu yana nuna masa cewa uwar da ta kalli mutumin nan ta kira sunansa babu nauyi ita ce za a yi wa zato, ba wadda ta juya fuska ba. Hansatu ta san al'adar amma ba ta da harshen, Asabe tana da harshen amma al'adar a wurinta shirme ce. Alƙali ya cire gilashi ya ce ya yarda a sake sauraron tsohuwa, da wani tafinta daga wani gari. Amma doka bakinta take so, sai ta faɗi sunansa, ta ce ita ta haife shi, sannan a auna jini. Ya ba da kwana bakwai. Tafintan da ya ce fassararsa ta yaudari hukuma kuwa ba ya sake aiki. Kafin mako ya zagayo an goge sunan Mudi daga rajista, bayan shekara goma sha biyu.

Saura bakin Tabawa, kuma a nan aka tsaya cik. Asabe ta zo da guntuwar Hausarta tana ɗaga murya, "Inna, suna ne kawai! Ki faɗa!" Tsohuwa ta dube ta kamar ba ta taɓa ganin ta ba. Mudi ya zauna ya jera mata dalilai, ta ce, "Shi ya sani, ku kun sani, Allah ya sani. Sai na kwance zane a gaban maza kafin su yarda?" Kada ku ce ba ta son ransa. Ta daina cin abinci tun ranar da takarda ta fito. Bakin ne ya ƙi buɗewa, yadda hannunka zai ƙi in an ce ka mari ubanka.

Hansatu ta kore su duka, ta ɗauko tabarmarta ta tare a ɗakin uwar. Kwana biyar ba ta ta da maganar ba. Ta dama mata kunu, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso, suna hirar mutanen ƙauye da suka mutu. Ita ma Hansatu ta taɓa haihuwar ɗan fari a ƙasar nan, ya shekara tara zazzaɓin ƙwaƙwalwa ya ɗauke shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ranar da aka binne shi ba wanda ya ga hawayenta, har muna yaba mata. A rana ta shida, tana tsakar kitson, sai ta ce, "Inna, nawa ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakina ba. A asibiti yana ta kallon bakina, ni kuwa ina kallon bango saboda akwai mutane." Sannan ta buɗe baki, a gaban uwarta, ta ce, "Lawandi." Ta sake cewa, "Lawandi." Kukan shekara goma sha biyar ya ɓalle mata, ta kifa kai a cinyar tsohuwa. Da ta lafa ta ce, "Ni na kira, ba mai amsawa. Naki yana da sauran kunne." Ta san abin da take yi wa uwarta, ta gaya mini daga baya cewa ta san tsohuwa ba za ta iya ɗaukar wannan kunyar ba. Washegari ita ta riƙo hannunta, ta taka ƙofar kotun da ta rantse ba za ta taɓa takawa ba.

Ina cikin ɗakin ranar. Tabawa ta tsaya, Hansatu na riƙe da ita. Ta ɗaga mayafi da kanta, ta juyo ta dubi ɗanta a ido, ta ce da ƙarfi, "Zubairu. Ni na haife shi, ranar Talata, da damina, a ɗakin uwata." Alƙali ya gyaɗa kai ya rubuta, a wurinsa abu ya yi kyau. Zubairu kuwa ya toshe kunnuwansa da hannu biyu ya fasa ihu, mu dattawan da ke baya duk muka sunkuyar da kai. Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba.

Jini ya tabbatar da magana. Amma Tabawa tun da ta koma gida ta kwanta, ta rufe fuska, ko mu muka je gaisuwa ba ta yarda mu gan ta. Likita ya duba ya ce bai ga ciwo ba. Kwana goma sha ɗaya ta cika. Zubairu bai samu jana'iza ba, don takardarsa ba ta gama fitowa ba, yana bayan shingen waya na sansani muka kai ta.

Da takardar ta fito, sai ga sharaɗi a ciki. Za a sake shi, amma shekara biyar zai yi a gidan ɗan'uwa guda wanda zai tsaya masa, layi ɗaya ne, suna ɗaya, kuma ba a canzawa. Dukkansu uku suka ce su ne. Hansatu ta ce mutumin da ya rasa mata da 'ya'ya da uwa, in aka raba shi da harshensa da tuwonsa da sahun salla, mutuwa zai yi a tsaye. Asabe ta ce a gidan Yaya Hansatu zai shekara biyar bai iya karanta sunan titi ba, ya zama abin tausayi har abada, ita kuwa ba za ta yi masa Hausa ko kalma ɗaya ba har sai ya tsaya da ƙafarsa. Mudi ya ce shi kaɗai zai iya kai shi can ba tare da ya raba shi da nan ba. Hansatu ta ce, "Ka mai da shi irinka, wanda ya kalli uwarsa bai gane ta ba?" Asabe ta ce, "Ke da kika ƙi raka ta fa?"

Ni aka aika in kai masa takardar a sansani, a matsayina na abokin ubansa. Na same shi ya rame, ya zauna yana jujjuya biro a hannu. Ya ce, "Baba, ni ban san su ba. Ɗaya ban taɓa ganin ta ba sai a kotu, biyu kuma rabona da su tun suna yara. Kowannensu da hannunsa aka tura ni bakin jirgi, kowannensu kuma da hannunsa aka jawo ni. Ɗaya ta rasa gidanta, ɗaya ya rasa aikinsa, ɗaya ta buɗe bakin Inna ta kuma rasa ta. Ka gaya mini wanda ya cece ni, shi zan bi, duk abin da zai mai da ni."

Ni da na shekara talatin da ɗaya a ƙasar ban san ko na shiga cikinsu ba ko ban shiga ba, me zan ce masa?

Kada ku tambaye ni abin da ya rubuta, ba shi na kawo muku ba. Ga Asabe da ta sauko da shi daga bakin jirgi, ga Mudi da ya buɗe kunnen alƙali, ga Hansatu da ta buɗe bakin uwa. Layi ɗaya ne a takarda. To, sunan wa ya cancanci Zubairu ya rubuta?